Rasuwar Mai Koren Ido, Rediyon Gidan Mbah Wiryo

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Sutinah, jikar tsohuwa Mbah Wiryo ta layin bayan masana'antar sukari, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar rediyon gidansu, wadda yaran layi suke kira Mai Koren Ido. Ta cika ranar Asabar da la'asar, cikin watan Suro, watan farkon shekara a al'adar ƙasar nan. Saura kaɗan Sutinah ta fasa rubuta wannan sanarwa, don karatunta bai yi nisa ba, kuma a shekarar da ake binne mutane babu likkafani, ta ji kunyar yi wa akwati kuka. Amma babu wanda bai taɓa zama a gaban marigayiya ba a layin nan, bai kamata ta tafi shiru ba.

Marigayiya ta shigo gidan ne a kafaɗar mahaifin Sutinah, kafin Allah ya karɓi ransa. Mai natsuwa ce, ba ta magana da gaggawa. In an kunna ta sai ta yi gyaran murya, ƙrrr, shhh, sannan idonta ya buɗe kore a hankali. A ƙuruciyarta ta ji harsuna da yawa. Da sojojin Japan suka zo, aka kai ta ofis aka ɗaure mata maɓalli da waya, aka buga hatimin dalma a kai, ya zama tasha ɗaya kaɗai take kamawa. Ba ta yi ƙorafi ba. Da sassafe ta ƙirga wa yara motsa jiki da Japananci, ichi, ni, san. Da rana ta nutsar da jiragen ruwan abokan gaba, har Pak Joyo mai gyaran keke yakan ce ƙasa-ƙasa, "Jiragen nan da take nutsarwa kullum, anya ruwa ya rage a tekun?" Da yamma kuwa ta kawo 'yan barkwanci, sai ka ga maƙwabciyarsu Yu Painem, wadda rogo kaɗai ta ci tun safe, tana dariya tana riƙe ciki.

Babban alherinta na ranar Lahadi ne da hantsi. Yayan Sutinah, Mas Darmadi, goge yake yi cikin makaɗan gidan rediyo a birnin Surabaya. Wasiƙa ta daina zuwa, jirgin ƙasa ya zama na sojoji, samari kuma ana kwashe su aikin dole ba sa dawowa. Ba a faɗin sunayen makaɗa a rediyo. Amma da zarar goge ya shigo, Mbah, wadda idonta ya tafi, takan ɗaga yatsa. "Shi ne, Nduk, jikata. Ji yadda yake jan abin kamar mai ciwon baya, sak ubansa. Yau ma yana da rai."

Ga yadda ajali ya zo. A watan Suro ake wanke kayan gado. Kowace shekara Mbah takan fito da wuƙar mijinta, ta yi mata turare, ta wanke ta da ruwan lemun tsami da na furanni. Bana, Sutinah tana gonar zurman da aka tilasta wa matan layi nomawa, Mbah ta gama da wuƙar, ta ga cewa abin da ke kawo mata jikanta duk mako ya fi ƙarfen da ke kwance a akwati cancantar girma. Ta laluba ta yi wa marigayiya wanka da hannunta, gaba da baya, ta zuba mata furanni a ka, sannan ta kunna ta. Yu Painem ce ta jiyo maganar marigayiya ta ƙarshe ta katanga: tsss, fat. Sai ƙauri.

Pak Joyo ya leƙa cikinta ba tare da ya taɓa dalmar ba, ya girgiza kai. Kayan gyaranta babu su ko a birni. An gaya wa Mbah tsufa ne ya kashe ta. Ana roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah, kowa ya tsaya a kan tsufa.

Ta rasu ta bar teburinta mai gurguwar ƙafa, da mayafin da Sutinah ta saƙa mata, da tabarmar maƙwabta, da tsohuwa guda da har yanzu take karkata kunne wajen teburin.

Ba za a binne ta ba. An rubuta ta a ofis, kuma kowa ya san inda ake kai mutanen gidan da aka nemi rediyonsu aka rasa. An naɗe ta da zanen batik, tana kan kabad har mai duba dalma ya zo ya ga gawa da idonsa. Zaman makoki a baranda ne, da yamma, lokacin 'yan barkwanci. Babu shinkafa, akwai dafaffen rogo. Kowa ya zo da kofinsa.

Washegarin rasuwar Lahadi ce. Sutinah, wadda ko a kasuwa ba ta ɗaga kai, ta rufe kanta da ganyen ayaba saboda ruwa, ta tafi dandalin gari, inda Japanawa suka ɗaura lasifika a kan dogon itace. Maza ne zalla a wurin. Wani ya ce, "Ke 'yan mata, miji kike nema ko labarin yaƙi?" Aka yi dariya. Ta sunkuya, amma ba ta gusa ba. Makaɗa suka fara, goge ya shigo. Ta saurara iyakar iyawarta har aka gama, sai ta gane ashe ita ba ta iya bambanta hannun yayanta da na wani ba.

Ta dawo ta tarar da Mbah zaune a bakin ƙofa.

"To, Nduk? Shi ne?"

"Ban sani ba, Mbah. Kunnena ba naki ba ne."

Sutinah ta shiga ɗaki ta ɗauko majanyi mai ƙwari, ta durƙusa a gabanta, ta juya mata baya.

"Hau mu gwada tun yau, kafin Lahadi mai zuwa. Dandalin da nisa."