Kujera Mai Ƙafafun Zalɓe

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganinki da sassafen nan ba alamar alheri ba ce. Me kika zo ci?"

"Kai, tsoho! Ko sannu da zuwa babu? Tun daga bakin tashar jiragen ruwa nake tuƙo keke, iska na neman ta jefa ni cikin teku."

"Da ta jefa ki ma kifaye za su dawo da ke. Ba sa cin ƙashi."

Vibeke ta yi dariya, ta ture ƙofar da kafaɗa, rungume da wani babban abu nannaɗe cikin bargo. Kakanta Asger ya matsa gefe yana dogara sanda. A garin Svendborg babu wanda bai san shi ba, don ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tuƙa jirgin fito tsakanin tsibirai. Yanzu gwiwoyi sun ci amanarsa. Makon jiya ya nutse cikin tsohuwar kujerarsa mai laushi ya kasa tashi, tun hantsi har yamma, waya tana can kicin, sai da wata maƙwabciya ta jiyo kiransa. Birte, mahaifiyar Vibeke, ta yanke hukunci: in aka sake haka, sai gidan kula da tsofaffi.

Ita Vibeke sana'arta zana kayan ɗaki da ƙera su. Ta roƙi mahaifiyarta ta dakata, ta kulle kanta a wurin aikinta har ta fito da abin da ke cikin bargon nan. Ta san halin mutuminta. Muddin ta ce masa kujerar masu ciwon gwiwa ce, ko zai mutu a tsaye ba zai zauna ba.

Ta yaye bargon. Asger ya gyara tabarau, ya zagaya abin a hankali kamar mai duba gawa.

"Inna lillahi... wa ya rasu aka raba gado kika samu wannan?"

"Ni na yi ta da hannuna."

"Ai na ga alama. Yaushe za ki ƙarasa ta?"

"A gama take, Kaka."

"Wannan? Ƙafafu dogaye sirara kamar zalɓen da ya yi jinya? Ina soson? Ina yadin? Ko kuɗin ne suka ƙare a hanya?"

"Haka ake yayi yanzu. Abin da ba shi da amfani cire shi ake yi."

"To ke me ya sa ba a cire ki ba?"

"An duba gidan aka ga akwai wanda ya riga ni a layi."

Asger ya danne dariya, ya ƙwanƙwasa mazaunin kujerar da sandarsa.

"Wannan saƙar fa, da me aka yi?"

"Igiyar takarda."

"Ta me?"

"Takarda, Kaka. Murɗa ta ake yi, ta fi ka ƙarfi."

"Jama'a ku zo ku ji! Ni Asger, da na yi kokawa da guguwar hunturu a tsakiyar teku, yau jikata ta ce in ɗora mazaunaina a kan jarida! To fentin fa? Katako fari fat kamar ya ga fatalwa."

"Ba a yi mata fenti. Sabulu na shafa mata."

"Sabulu! Ita kujerar wanka take yi? To ta fi ki tsabta. Ƙusa nawa kika buga?"

"Ko ɗaya. Katakon ne ke riƙe da juna."

"Ba ƙusa, ba fenti, ba soso. Makarantar da aka kai ki Copenhagen, rowa aka koya miki. Bara kin kawo min fitila mai kama da albasa, har yau in na kunna ta sai idona ya yi ruwa. Shi kuma saurayin nan naki mai zane, wane ne sunansa, Jeppe, ya aiko min kofi da hoton kifi mai gashin baki. Kifi da gashin baki!"

"Kai ya kalla ya zana. Kofin nan har Japan ake sayensa."

"Shi ya sa suke can nesa, ba su san ciwon kansu ba. Yarinya, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

"Babban da ke kwance cikin rami tun hantsi, me zai hango ban da silin?"

Maganar na fita ta so ta kamo ta. Asger ya juya ya dubi tsohuwar kujerar da ke jikin taga, wadda tsakiyarta ta lotsa kamar kwale-kwale. Marigayiya matarsa Ragna, kakar Vibeke, ita ta sayo ta da albashinta na farko.

"Uwarki ce ta turo ki," ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni na turo kaina. Kuma ta Kaka Ragna ba inda za ta. Tana nan a jikin tagarta." Ta ɗaga kafaɗa. "Ni dai gwaji na zo yi. Wata mai zuwa zan kai wannan baje koli, ina neman abu mai nauyi marar amfani in ɗora a kai. Na nemi buhun dankali ban samu ba, sai na tuna da kai."

Idon tsohon ya sake kawo haske.

"Ja'ira! Ni ne buhun dankali?"

"Buhu ya fi ka, shi ba ya musu. Amma bar shi kawai, na gane. Tsoro kake ji."

"Tsoro? Ni?"

"Ba abin kunya ba ne. Zan faɗa wa abokanka na bakin ruwa, kyaftin ya ga kujera ya ja da baya."

"Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Ina zama za ta watse."

"Sai an gwada akan san na ƙwarai."

"To riƙe min sandar nan. Ki kawo tsintsiya kusa, ki kwashe gawar 'yarki. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Ya juya mata baya, ya saki jikinsa gaba ɗaya da mugunta, tim! Vibeke ta runtse ido. Kujerar ko ƙara ba ta yi ba. Asger ya girgiza hagu, ya girgiza dama, ya yi 'yar sukuwa a kai. Shiru.

"To?" ta ce.

"Kunya take ji. Ba ta son ta karye a gaban uwarta."

"Bayanka fa?"

"Bayana ba ya magana da baƙi." Amma ta ga yadda kafaɗunsa suka sauka, hannayensa suka kwanta a kan madafan kujerar kamar sun daɗe da sanin juna. Ta auna su ne da tsohuwar rigarsa ta aiki, ba tare da ya sani ba.

Zama dai ya yiwu. Saura tashi, kuma don shi ta yi duk wahalar. Ta jingine sandar can bayan ƙofa, ta ciro wata jakar takarda daga aljihun rigar ruwanta, ta koma ƙarshen ɗakin ta zauna a kan tebur. Ƙamshin kirfa ya cika wurin.

"Mene ne wannan?"

"Naɗaɗɗen burodin kirfa. Na gidan burodin kusa da coci, da zafinsa."

"Nawa kika sayo?"

"Ɗaya."

"To miƙo, Allah ya yi miki albarka."

"Yanzu na zama mai albarka? Ai likita ya hana ka zaƙi."

"Likitan nan yaro ne, a jirgina ya yi amai yana ɗan makaranta. Miƙo!"

"Bari in ci gefen, in ga ko akwai guba." Ta warware naɗin tana ci, tana lumshe ido. "Kash, lafiyayye. Bari in duba tsakiyar ma."

"Kada ki taɓa tsakiyar! Vibeke! Tsakiyar tawa ce tun kafin a haifi uwarki!"

"Iya ruwa fid da kai, Kyaftin."

Ta ɗaga tsakiyar, mai danƙo da man shanu da sukari, ta buɗe baki.

"Ɓarauniya! 'Yar fashin teku!"

Kafin ta kai baki an fizge. Asger na tsaye a gabanta, ya cusa abin a baki yana tauna da nasara. Sai da ya haɗiye ya lura da yadda take kallonsa. Ya dubi hannunsa, babu sanda. Ya waiwaya, ga kujera can a bayansa.

Ya koma ya zauna, ya dafa madafan, ya miƙe. Ya sake zama, ya sake miƙewa. Vibeke ta juya tana share ido da bayan hannu.

"Kuka kike yi?"

"Fitilar albasar nan ce."

"Ai ba a kunne take ba, maƙaryaciya."

Sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ta daɗe ba ta ji ba, har yana dukan cinya.

"Shi ke nan, kin ci ni! Ɗan hakin da ka raina. Mummuna ce dai, ban janye ba, amma ta iya aikinta. Kira uwarki ki ce ta zo shan kofi, ni zan buɗe mata ƙofa."

Ya laluba aljihun wandonsa, ya ciro wata 'yar wuƙa mai naɗewa, ƙotarta ta yi sulɓi don tsufa.

"Ungo. Tun ina yaron jirgi take tare da ni. Hannun da ya yi waccan saƙar ya fi nawa buƙatarta. Amma wuƙa ba a ba da ita kyauta, sai ta yanke zumunci. Kawo ko ƙwandala ce."

Vibeke ta lalube aljihunta kaf.

"Kaka, wa ke yawo da tsaba yanzu? Da waya nake biya."

"Matsiyaciya! To ba ciniki."

Ta yi ɗage, ta kama kunnuwansa biyu, ta manna masa sumba a tsakiyar sanƙo. Asger ya shafa wurin, ya duba tafin hannunsa, ya girgiza kai.

"Jabun kuɗi ne," ya ce, yana danƙa mata wuƙar. "Amma na karɓa."