Yadda Ake Kare Takardar Ƙirƙira Idan Kana da Suruki

Na tsufa ina gasa haƙarƙarin shanu a gaban kotun garinmu, nan gabashin Texas, inda kamfanoni ke zuwa rigimar wa ya fara ƙirƙiro me. Ban karanci shari'a ba, amma ni ke ciyar da lauyoyi. Bi matakan nan, nasara taka ce, na yi maka alkawari.

1. Samo takarda

Je hukuma ka ce kai ka gano dabarar matse hoto ya ƙanƙance, ya bi waya da sauri. Rubuta bayanin yadda kai ma ba za ka gane ba. Haka Boyd Tackett mai gyaran rediyo ya yi, sannan ya maka wani katafaren kamfani a kotu.

2. San abin da ke kashe ta

Abu ɗaya ne: a nuna jama'a sun ga dabarar tun da daɗewa kafin ka nemi takarda, ko da a hannunka suka gani. Lauyoyin kamfani za su tone ɗakunan karatu har Japan. Ƙyale su, ciniki suke ƙara mini.

3. Yi shigar gida

Mutanen da kotu ke zaɓowa su yanke hukunci makiyayan garin nan ne. Sa doguwar hula, ka ce matse hoto kamar ɗaure damin ciyawa ne.

4. Kada ka kira surukinka shaida

Boyd ya kira nasa, tsoho Hollis, uban matarsa Darlene, don kawai ya ce shi mutumin kirki ne. Tun ranar biki Hollis bai taɓa kiransa da komai ba sai "mijin Darlene".

Lauyar kamfani ta yi murmushi. "Baba, anya surukin nan naka yana da kan ƙirƙira? An ce ko shinge bai iya gyarawa ba."

"Shinge kam bai iya ba, 'yar nan. Amma kada ki raina mini ɗa! Darlene na da cikin fari ya aika hoton bijimina ta layin tarho, daga wajen bajekolin shanu har gida. Rabin garin nan na tsaye suna tafi!"

"Abin da aka haifa a cikin nan na fari yana ina yanzu?"

"Mace ce, ai har mun aurar da ita."

Takardar Boyd kuwa, da mutum ce, ko firamare ba ta gama ba. Aka soke ta.

5. Zo ka ci nama

Boyd ya zauna a teburina, ya tasa nama gaba bai taɓa ba. Wallahi ya ba ni tausayi. Na fara ba shi haƙuri, sai na ga murmushi yake.

"Lurleen, kin ji shi kuwa? Cewa ya yi ni ɗansa ne."

Gargaɗi: in ka bi shawarata ka faɗi, babu ruwana. Ni nama nake sayarwa, kuma ba ni na zaɓa maka suruki ba.