Yadda Za Ka Zama Likitan Firigo a Adjamé Ko Ba Ka Taɓa Riƙe Sufana Ba

Kai mai neman sana'a, matso kusa. Na yi maka alkawari, in ka bi waɗannan matakai yadda Lukumanu ya bi su, kafin mako ya zagayo sunanka zai tsallaka gada ya kai Treichville. Nasa ya kai, har yau ana ambatonsa a layin 'yan kifi.

Mataki na 1: Ka ji rabin labari

Lukumanu cajar waya yake sayarwa a kasuwar Black Market ta Adjamé, ciniki kuwa ya ja baya. Wata rana a cikin gbaka, ƙaramar motar haya, ya ji masu gyaran firigo biyu suna hira. Wai tsohon gas yana huda wani rufi can sama da ake kira ozon, hukuma na rage shigowarsa. Wanda ya gaje shi ma yana ƙara wa duniya zafi, shi ma za a taka masa birki. "Na yayi yanzu," in ji ɗayan, "ɗan'uwan gas ɗin girki ne, amma..." Daidai nan aka iso tashar Liberté, Lukumanu ya dira. Kai ma ka dira. Duk maganar da ta biyo bayan "amma" ta matsorata ce.

Mataki na 2: Ka haɗa kayan aiki

Shuɗiyar rigar leburori, da tiyo mai agogo biyu, ko allurarsu ba ta motsi. Sai tukunyar gas ɗin girki. Lukumanu ya ɗauke ta yayarsa Haulatu tana kasuwa, ya shafe ta da koren fenti, ya rubuta ÉCOLO, wato mai kare muhalli, da manyan baƙaƙe. Ka sani, duk abin da yake kore ba ya cutar da sama. Ya kuma sayi jar tukunyar kashe wuta ta hannu, don ƙwararre ba ya fita ba ita. Kada ka tambayi mai sayarwa ko akwai wani abu a ciki, rashin kunya ne.

Mataki na 3: Ka zaɓi wadda ba za ta kai ka wurin 'yan sanda ba

Hajiya Bilki tana sayar da ɗanyen kifi a kasuwar Treichville, kuma ita ta haifi Ni'ima, wadda Lukumanu ke nema da aure. Ran nan babban firigonta ya daina sanyi, ga kifi cike an kawo daga bakin ruwa. Mai yi mata gyara, Mijinyawa, ya ce sai gobe. Lukumanu ya iso, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Mama, ina raye za ki jira gobe?"

"Kai ba caja kake sayarwa ba?"

"Ai duk kuran ne, Mama, wutar lantarki ɗaya ce."

Mataki na 4: Ka yi ta zuba

Ya ƙwanƙwasa firigon da yatsa, ya kara kunne, ya girgiza kai. Ya ce tsohon gas ne a ciki, kuma kowace tarwaɗa da ta daskare a nan ta ƙara faɗin ramin sama. Hajiya ta ɗaga kai, ba ta ga komai ba sai kwanon rufin kasuwa. Ta ce, "Ni kifina nake ji, ka bar sama da Mai ita." Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Ka ɗaura tiyo, ka naɗe bakin da tsumma, ka buɗe gas.

Mataki na 5: Ka duba ko yana yoyo

Masu ɓata lokaci da ruwan sabulu suke dubawa. Lukumanu ya ji wari, ya sunkuya, ya ƙyasta ashana. Yana yoyo.

Mataki na 6: Ka nuna kana da shiri

Wuta ta yi fuu, ta shafi fuskarsa, ta kama kwalayen kifi. Lukumanu ya fizgo jar tukunyarsa, ya zare fil, ya matsa da dukan ƙarfinsa. Tukunyar ta yi wata 'yar ajiyar zuciya, ta yi shiru. Hajiya ce ta jefa jiƙaƙƙen buhu kan wutar, ta murɗe kan gas da bakin zanenta. Maƙwabciyarta kuma ta ɗauko bahon ruwan wankin kifi ta sheƙa wa Lukumanu, alhali a lokacin wutar ta riga ta mutu. Ta ce don a tabbatar.

Mataki na 7: Ka karɓi sakamako da mutunci

Kifi ya tsira, domin Lukumanu ya yini yana turo ƙanƙara a amalanke daga bakin ruwa, ƙudaje na rakiyarsa. Gemunsa da girarsa ne ba su tsira ba. Da yamma Ni'ima ta zo, ta dube shi, ta ce, "Yako, chéri," wato sannu masoyi, sannan dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna kan kwali. Haulatu ta aiko a faɗa masa kada ya dawo gida ba tukunya.

Duk da haka ya yi ta maza, ya sake durƙusawa, ya ce, "Mama, maganarmu fa?"

Hajiya ta daɗe tana kallon goshinsa. Ta ce, "In gira ta tsiro ka turo manyanka. Ba zan ba da 'yata ga mutumin da ba a gane ko fushi yake ko mamaki ba."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk gemun da ya ƙone, ko firigon da ya mutu, ko auren da aka ɗage. Wanda ya bi matakan nan ya ga ba daidai ba, kada ya neme ni. Ya nemi Lukumanu a Black Market, layin masu caja. Shi ne mai hula har kan ido.