Rasuwar Baƙon da Ba a Taɓa Cika wa Kofi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma gajiyar jinyar da ta cinye hunturu guda, iyalan Ergash Normatov na unguwar Chilanzar a birnin Tashkent suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar wani ɗan ƙaramin itace na cikin kasko, irin wanda ake kira bonsai, wanda mutanen gidan suka fi sani da Baƙo. Ya rasu a bakin tagar falo, a hawa na huɗu, bayan doguwar jinya ta zubar ganye. Ba a san ainihin ranar da ya cika ba, domin marigayin ya ci gaba da tsayuwa bayan mutuwarsa kamar yadda ya saba. An dai tabbatar da rasuwar ranar Lahadin da ta gabata. Ya bar duniya yana da shekara ashirin da 'yan kai, tsawonsa kuma bai kai kamu ɗaya ba.

Marigayin ba ɗan gidan sarauta ba ne. Danginsa su ne itatuwan shingen nan da ake jerawa a bakin titi, ana aske musu kai sau biyu a shekara. Wanda ya raine shi shi ne Gena Hegay, ɗan asalin Koriya haifaffen Tashkent, wanda ƙofar gidansa ke kallon ta Ergash, kuma suka yi aiki a masana'anta ɗaya har suka yi ritaya. Gena ne ya tsinci kututturen a ranar da aka tumɓuke shingen bayan masana'antar. Ya shafe shekaru yana binsa da almakashi da waya, har ya zama kamar tsohuwar bishiyar ƙofar gari da aka hango daga nesa.

Marigayin ya shigo gidan Ergash ne a kakar bara, da hantsin ranar da Gena zai tafi Koriya da tikitin jirgin da 'yarsa ta aiko masa, a duba masa ido, ya kuma ga jikoki. Gena ya ajiye kaskon a bakin taga, ya ce, "Riƙe mini tsohon nan zuwa Nauruz, bikin fitar sanyi. Kada ka bari ya bushe, shi ke nan."

"Zuwa Nauruz dai?" in ji Ergash.

"To ina zan zauna a ƙasar da ko gaisuwarta ban iya ba? Ina nan dawowa in ci gaba da lallasa ka a dara."

Ergash ya zauna yana zuba masa shayi ɗan kaɗan a gindin kofi, kamar yadda ake yi wa wanda ba a so ya tashi. Yana shanyewa, sai ya ƙara masa wani ɗan kaɗan. Mai tasin da zai kai Gena filin jirgi ya yi ta matsa oda a ƙasa.

"Kai mugun tsoho, cika mini mana in sha in tafi!"

"Ba zan cika ba. In tafiya za ka yi, tafi da ƙafarka. Ba ni zan sallame ka ba."

Tun daga wannan rana Ergash ya ɗauka a ransa cewa muddin icen yana raye, mai shi yana da dalilin dawowa. Bai faɗa wa kowa ba, amma matarsa Mastura ta gane.

Waɗanda suka zauna da marigayin sun shaide shi da haƙuri da kamun kai. Bai taɓa neman a canja masa wuri ba. Bai taɓa sa baki a gardamar gidan ba, duk da cewa a gabansa ake yin ta. Ganyensa ƙanana ne, masu sheƙi kamar an shafa musu mai, kuma idan aka buɗe taga yakan ɗan kaɗa su, alamar ya ji. Magana ɗaya tak aka san shi da ita, ita ma sai a ƙarshen rayuwarsa: ƙas, ƙarar busasshen ganye idan ya faɗo a kan katakon taga. Ergash ya ce yana jin ta ko daga banɗaki.

An ba marigayin kulawa irin ta babban baƙo. Ergash ya ware masa kofin shayi nasa na kansa, mai zanen auduga. Safe, rana da yamma yakan zuba ruwa a gindin kofin, ya dafa ƙirji da hannun hagu, ya tsiyaya masa a hankali. Idan ya taɓa ƙasar saman kaskon, kullum da danshi yake jin ta.

Mastura ba ta gamsu ba. "Baban yara, wannan ai lasa ce, ba sha ba. Kai shi wurin wanke-wanke ka kwarara masa har ya fito ta ƙasa."

"In cika masa? Korarsa kika ga ina yi?"

"Ice ne fa. Irinsa na nan a ƙasa jere, karnuka na ɗaga musu ƙafa."

"Maman yara, a gabansa kike faɗar haka?"

Ciwon ya fara ne a watan Nuwamba, makon da aka saki ruwan zafi a bututun ɗumama gidaje. Bututun falon yana ƙarƙashin tagar ne daidai, kuma ba a iya rage shi. Ganyen ƙasa suka fara yin rawaya, sannan suka bi juna. Ergash ya ƙara yawan zuwa da kofi daga sau uku zuwa sau biyar, amma bai ƙara abin da ke cikin kofin ba.

Iyalan suna godiya ga duk wanda ya kawo magani. An gwada dakakken ɓawon ƙwai. An gwada ragowar shayi mai sanyi, da ruwan sukari, da rabin ƙwayar maganin ciwon kai. Gwaggo Holida ta hawa na biyu ta hau da kaskon turaren ganye, ta zagaya marigayin da hayaƙi, ta ce kambun baka ne, tun da duk wanda ya shigo sai ya yaba shi. Bayan tafiyarta ganye bakwai suka faɗo. An mai da shi kicin, an dawo da shi falo, an sake mai da shi, an sake dawo da shi. Ergash ya riƙa tsince ganyen da suka zube yana tarawa a gwangwanin alewa, ba tare da ya san abin da zai yi da su ba.

Kowace Lahadi Gena yakan kira ta wayar da ake ganin juna, ya ce a nuna masa tsohonsa. Ergash ya ƙware wajen juya kaskon, ɓangaren da ke da sauran ganye ya kalli wayar. Da ɓangaren ya ƙare, sai ya koma cewa hasken falon ba shi da kyau. Daga baya ya ce gilashin wayar ne ya tsage. Gena bai taɓa matsawa ba, shi ma da aka tambaye shi ranar dawowa sai ya shiga labarin likitan ido. A watan Disamba Mastura ta ga wasu matasa biyu suna auna ƙofar gidan Gena da igiyar awo. Ergash ya ce masu gyara ne. Da suka shigo da katifa, ya ce masu gyaran ne za su riƙa kwana.

Ranar Lahadin da ta gabata, saura mako biyu Nauruz, Mastura ta karɓe wayar daga hannun mijinta, ta nuna wa Gena icen gaba da baya. Babu ganye ko ɗaya.

Gena ya ce, "Ergash, kankare ɓawonsa da farce. Me ka gani?"

"Ruwan ƙasa."

"Can gindi fa?"

"Haka."

"Ɗago shi daga kaskon."

Ya ɗago shi, ya fito gaba ɗaya, ba nauyi. Saman ƙasar, kaurin ɗan yatsa, jiƙe yake. Daga nan zuwa ƙasa kuwa ta bushe ƙamas kamar burodin da ya kwana mako, saiwoyin suna karyewa a hannu. Binciken ya nuna cewa marigayin, wanda aka shayar sau biyar a rana, ƙishirwa ce ta kashe shi.

"Da me kake ba shi ruwa?" in ji Gena.

Mastura ta ɗaga kofin ta nuna masa, ta sa yatsa daidai inda ruwan ke tsayawa.

Gena ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya cire tabarau ya goge ido. "Kai dai ba ka canja ba. Shekara arba'in kana kashe ni da ƙishirwa a gidanka, yanzu ka gama da icena." Ya mai da tabaran. "Ergash, 'yar nan tawa ta sayar da gidan tun Disamba. Na rasa ta inda zan faɗa maka. Icen ma naka ne tun ranar da na kawo shi. Da na ce kyauta ce, ka san ba za ka bar ni in sauka daga benen nan ba."

Ergash ya ce, "Na ga katifar."

Daga nan suka yi maganar sanyin bana, da ciwon gwiwa, da farashin nama, har wayar ta yanke.

Marigayin ya rasu ya bar mai rainonsa, Gena Hegay, wanda yanzu ke zaune a Koriya kuma ba zai samu halarta ba. Ya bar mai masaukinsa Ergash, da uwar ɗakinsa Mastura, wadda ta nemi a rubuta cewa ta faɗa tun farko, aka kuma rubuta. Ya bar kasko ɗaya mai ruwan toka, almakashi, ɗaurin waya, gwangwanin busasshen ganye, da dangi masu yawa a bakin titunan birnin, waɗanda ba a iya sanar da su ɗaya bayan ɗaya ba. Ya kuma bar allon dara a saman kabad, wanda har yanzu ba a yanke shawara a kansa ba.

Za a yi jana'izar ranar Alhamis da hantsi, a gindin shingen da ke bayan benen, kusa da wurin shanya, inda marigayin zai kwanta cikin 'yan uwansa. Za a binne shi tare da ganyensa. Ba za a dafa shinkafa ba, amma akwai shayi da burodi a hawa na huɗu ga duk wanda gwiwarsa za ta iya hawa. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da wani icen, kada kuma su zo da shawara. An gayyaci sababbin maƙwabta na ƙofar da ke kallon tasu. Mastura ta karɓi kaskon, za ta shuka ɗoɗɗoya a ciki.

Gena zai kalli jana'izar ta waya, da nasa kofin a hannu. Bayan an mai da ƙasa, Ergash Normatov zai ɗauko kofin marigayin mai zanen auduga, ya cika shi har baki, ya zuba masa. Allah ya ba mu haƙurin rashi.