Yadda Za Ka Zaɓa Wa Gwaggonka Laftof Mai 'Yanci

Ɗan nan, in kana so a daina kiranka da sunan yanka, a koma ce maka Injiniya daga Kankiya har Kusada, bi matakan nan. Suna aiki tabbas, don a kaina aka gwada su. Ni ce gwaggon, tsohuwar shugabar firamare, yanzu sakatariyar ƙungiyar mata manoma ta Mawashi, wadda matan ke kira Hajiya. Injiniyan kuwa ɗan ƙanena ne, Abdullatif.

1. Jira sai ta shiga matsi

Kada ka kawo zancen laftof lokacin da kowa ke hutawa. Bari sai an ce a kai sunayen mata sakatariyar ƙaramar hukumar Kusada kafin azahar ɗin Alhamis, duk wadda ba a ga sunanta ba, babu taki bana. Mata sittin da uku. Ranar Litinin sai ka yi sallama da jaka a kafaɗa.

2. Kada ka tambaye ta abin da take so

Za ta ce batirin da zai kai la'asar ba wuta, da haruffan da za ta gani ba tabarau, sannan takarda ta fito. Waɗannan buƙatun marasa ilimi ne. Gaya mata an ƙera shi ne musamman don Linux, manhajar da ba ta da maigida, kowa na iya buɗe cikinta ya gyara. In ta ce, "Rijiyar unguwarmu ma ba ta da maigida, ka ga yadda guganta ya koma?" ka yi murmushi. Tsufa ne.

3. Gyara abin da bai lalace ba

Laftof ɗin ya zo lafiya lau, kuma aibinsa ke nan. Kwance shi da sukundireba a kan tabarmarta don ta shaida babu gam a ciki. In ka mayar, noti biyu za su rage. Masana sun ce duk na'urar kirki da rara take zuwa. Sannan ka goge manhajar ka sa wata, har sau huɗu. Talata ta tafi.

4. Buɗe baƙin allo

Ka riƙa buga umarni da sauri kana tsaki. In Hawwa'u, shugabar ƙungiya, ta leƙo ta ce, "Malam, sunana ya shiga?" ce mata kana sabunta zuciyar injin. Za ta ce, "Ayya, Allah ya ba shi lafiya," ta je ta shaida wa mata kwamfutar Hajiya na fama da hawan jini.

5. Ɗora laifin kan firinta

Ranar Laraba a shagon buga takardu na Kankiya, firinta za ta ƙi sanin laftof ɗin, don kai da hannunka ka goge abin da ke haɗa su jiya. Kada ka faɗi haka. Ce firintar baiwar kamfani ce, ba ta san daɗin 'yanci ba.

6. Ranar Alhamis, yi shiru

Gwaggo za ta ɗauko biro da rula da tawada, ta tara mata a gindin darbejiya. Babu tebur. Za ta rufe laftof ɗin ta ɗora bisa cinya, ta shimfiɗa takarda a kan murfinsa na ƙarfe. Mata sittin da uku za su dangwala yatsa a kai, har da Turai mai dannawa kamar tana dasa rogo. Hawwa'u za ta shafa laftof ɗin ta ce, "Wallahi Hajiya, wanga abu ƙwarai ne, ko motsi bai yi ba. Allah ya yi wa Injiniya albarka."

Sunaye sun isa Kusada ana alwala. An samu taki. Sunan Injiniya ya bi ka, kuma mata huɗu sun ce a nemo masu irin laftof ɗin, amma mai ɗan faɗi.

Gargaɗi

Duk wanda ya bi matakan nan gwaggonsa ta cire shi daga rabon naman salla, babu ruwana, ba ni na haife shi ba. Noti biyun kuwa suna cikin gwangwanin allurata. Mai su ya zo da kansa ya karɓa, ranar da firinta ta fito da takarda.