Burodin da Ya Cire Haƙorin Surukina

Sau ɗaya tak na ga ana gasa burodi a Kano, amma na dawo Azare ina jin kaina gwani. Ran da surukina zai zo daga Bulkachuwa, na hana matata girki. Na kwaɓa garin alkama da tafarnuwa da ɗoɗɗoya. Da na rasa yis sai na zuba kanwa, wai ai duk ɗaya ne.

Da surukin nawa ya iso, na ajiye masa burodin, ya yi bisimilla ya gatsa, sai muka ji ƙas! Ya tofo haƙorinsa a tafin hannu. Matata ta dafe ƙirji tana salati, ni kuwa na sandare.

Ya dube ni ya ce, "Yaro, me na yi maka?"

Har yau duk mai ciwon haƙori a Azare, gidana ake kwatanta masa.