Rasuwar Mai Tozo, Talabijin da Rowa ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ɗaki mai cike da shiru, ni kakan yaran gidan nan nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar talabijin ta ɗakina, wadda kowa ya sani da suna Mai Tozo. Zan faɗa tun yanzu don kada gobe a ɗora wa tsufa laifi: ba tsufa ya kashe ta ba. Rowa ce, rowar mutumin da yake ƙyashin 'ya'yan cikinsa su ɗora ido a kan abin da ya saya. Mutumin nan kuwa ɗana ne. Ban ji daɗin rubuta haka ba, amma ba a yi wa mamaci ƙarya.

Marigayiya ta shigo gidan nan tun gashin kaina yana baƙi. Ƙarti biyu ne suka ɗauko ta, ɗayan har yau yana cewa ita ce asalin ciwon bayansa. Tun da aka ajiye ta a kan teburin bakin taga ba ta taɓa neman a sauya mata wuri ba.

Mai ladabi ce. In an kunna ta ba ta faɗo wa mutane kai tsaye. Sai ta ce tsiiii, ta yi gyaran murya, a ji magana, sannan a hankali fuska ta fito. Wato sallama kafin shigowa, abin da yaran yanzu suka manta. Ba ta da rimot, don haka ba a taɓa faɗa a kanta ba. Mai son wata tasha ya tashi da ƙafarsa ya murɗa. Da abin murɗawar ya karye, sai ta tsaya a tasha ɗaya, muka tsaya tare da ita: labarai, shirin manoma, wasan kwaikwayo, duk abin da aka zubo mana shi muke sha. Ba zan ɓoye rauninta ba. Da girma ya zo mata, duk wanda ta nuna kore yake fitowa, har kakar yara takan tausaya wa mai karanta labarai, ta ce bawan Allahn nan ya kamata ya ga likita. In hoto ya fara rawa kuma, mari ɗaya a kuncin hagu ya ishe ta. Ba ta riƙo.

A gabanta jikokina suke taruwa da yamma. Su baje a tabarma, kakarsu a bakin gado, ni a kujerata ina yi musu bayanin abin da suke gani, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba. Wannan zaman shi ne abin da ya rage mini na jin daɗin duniya, kuma ban nemi ƙari ba.

Yanzu ga yadda ciwon ajali ya zo.

Ɗana, uban yaran, ma'aikacin ofis ne, amma a gida ya naɗa wa kansa sarautar Injiniya, saboda yana kallon yadda ake gyaran abubuwa a wayarsa. A falonsa akwai talabijin manne da bango, faɗinta kamar ƙofa, marar tozo marar ƙeya, ga tashoshi kamar yashi. Ledar da ta zo da ita ma bai ɓare ba. Ya sa mata lambar sirri. Ya sayi kujera mai kwantawa da mutum, shi kaɗai ke hawa. Rimot kuwa a aljihunsa yake kwana, da shi yake zuwa ofis, kamar wanda aka ce za a yi masa juyin mulki.

To sai yara suka ji a makaranta cewa irin talabijin ta babansu tana da tashar da ba a nuna komai sai katun. Suka fara tsayawa a bakin ƙofar falo daidai lokacin da yake kallon ƙwallo, suna leƙe, ƙaramar tana goge hanci da labule. Surukata ma ta ce ita kam tana son ganin wani fim kafin ta tsufa. Uba mai hankali zai ce ku shigo. Nawa ɗan sai ya zauna ya yi lissafi: in aka kai katun da fim ɗakin tsoho, ai shi ke nan ya huta da kowa.

Ya shigo mini da kwali, dikoda mai kamo tashoshi a ciki da wayoyi kamar hanjin akuya, yana murmushi. Tun da ya yi gemu bai taɓa kawo mini abu ba a aike shi ba, don haka na gyara zama.

"Baba, ai ku ma ya kamata ku ɗan more zamani," in ji shi.

Na ce masa baiwar Allahn nan ba ta da ramin da irin wannan waya za ta shiga. Ya ce ba matsala, in aka buɗe bayanta za a samo hanya. Na ce a'a. Ya ce to. Ashe irin to ɗin nan ce ta wanda yake jiran ka fita.

Na je aski na dawo. Na tarar an cire mata tozo an kife a ƙasa, kusoshinta a cikin kofin shayina, wayarsa ta hannu jingine da matashin kaina, wani yana magana a ciki da harshen da ni da Injiniya duk ba mu ji. Kafin in buɗe baki ya jona wuta. Ta ce tsiiii kamar kullum, don ko a bakin mutuwa ba ta bar sallama ba. Sai fat. Wari ya tashi kamar ana babbakar gashi. Hoton ya tattare ya zama farin zare, zaren ya zama ɗigo, ɗigon ya tafi. Sai na ga ɗana ya ɗaga hannu ya mare ta. A kuncin dama. Shekara da shekaru a gida ɗaya, ko wannan bai sani ba.

Ina da karin magana da suka dace da wurin nan, har sun zo mini wuya, amma ranar makoki ce, na haɗiye.

Mai gyara ya zo ya leƙa, ya sunsuna, ya tambayi wanda ya buɗe ta. Kowa ya kalli rufin ɗaki. Ya ce irin kayan cikinta an daina yi tun yana goye, sai dai haƙuri.

Marigayiya ta rasu ta bar yayanta rediyo, wanda shi ma muryarsa ta fara dashewa, da eriya mai cokali ɗaure a kai, da mayafin da kakar yara ta saƙa mata. Ta bar kyanwar gidan nan, wadda take barci a kan tozonta don ɗumi, yanzu tana ta zagaye ba ta san inda za ta sa haƙarƙari ba. Ta bar jikokina, ta bar ni.

Game da jana'iza, gawa tana hannun mai gyara, ya yi alkawarin ajiye ta a saman kantar shagonsa cikin sa'anninta. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu.

Zaman makoki kuwa a falon ɗana ake yi, kowace yamma, tunda ba a barin wanda aka yi wa rashi shi kaɗai a ɗakin da aka yi mutuwar. Surukata, Allah ya yi mata albarka, ta tsinci rimot a aljihun riga wajen wanki, ta durƙusa ta miƙo mini da hannu biyu. Lambar sirrin ba ta ba ni wahala ba. Shekarar haihuwarsa ce, ya manta ina tsaye a bakin ƙofa aka haife shi.

Jiya ya rusuna kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Baba, wai yaushe za a tashi daga zaman makokin nan?"

Na ce ranar da ta farka.

Masu zuwa ta'aziyya za su same ni a kan kujera mai kwantawa. Kada a zo lokacin labarai. Wanda kuma yake son yi wa Injiniya jaje, ga abin da ya rasa, don a san gwargwadon gaisuwar: kujera ɗaya, rimot ɗaya, lambar sirri, leda da ƙaramar jikata ta ɓare ta yi wa 'yar tsana riga, da sarautar Injiniya, wadda matarsa ta tuɓe. Ƙwallo kuma yana nan yana kallo a wayarsa, a tsohon ɗakina, a kan tabarma, gaban teburin da babu kowa a kai.